Yadda Ake Zagayen Ɗanɗanon Fura Daga Madawa Zuwa Keita

A birnin Munik na ƙasar Jamus, tun 1810 ake wani bikin shan giya, inda mutum wajen miliyan shida ke taruwa cikin manyan rumfuna. A Ingila kuma akwai masu zuwa irin wannan taro da ɗan littafi da alƙalami, su bi rumfa-rumfa, su sansana kofi, su kurɓa, su lumshe ido, sannan su rubuta maki. Abin da ke cikin kofin nasu ba namu ba ne, addini ya raba mu da shi, ko da yake tsofaffi na ba da labarin zamanin da Azna ke dafa burkutu a bukukuwansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne girman da suke ba abin shansu: a san hannun wanda ya yi shi, a bambance na wannan gari da na wancan, a yi musu a kansa har dare. To mu da Allah ya ba fura, me muke jira? Namu bikin ba sai an buga takardar gayyata ba. Duk ranar da kasuwa ke ci a Madawa ko Buza ko Keita, ƙore na nan jere a inuwa, kowace da faifanta a kai, kowace da hannun da ya kirɓa ta. Ga yadda mutum zai bi su ya fita kunya.

Ka fara gyara bakinka tun kafin mota ta sauke ka. A wannan yanki na Adar hura ake cewa. In ka tsaya gaban ƙwarya ka ce "fura" da f ɗinka na Kano, an riga an san daga inda ka fito, kuma yara za su biyo ka su ji sauran. Babu laifi a zama baƙo, baƙo ma ya fi samun gyara, amma wanda ya ce hura ya rage wa kansa rabin tafiya.

Sai lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka sa ranarka cikin kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon hatsi ya shiga rumbu, shanu kuma ba su gama cin moriyar damina ba. Sabon gero yana da wani ƙanshi da ba ya kaiwa bazara. Wanda ya zo a watan Afrilu ko Mayu, rana ta haura digiri 40, makiyaya sun yi nisa da dabbobi, nono ya yi wuya, zai sha fura don ƙishirwa ne kawai, kuma mai ƙishirwa ba ya alƙalanci: duk abin da aka ba shi mai sanyi cewa zai yi bai taɓa shan irinsa ba. Ka kuma zo da cikinka a sarari. Wanda ya karya da waina da shayi mai madara a tasha ya riga ya sayar da kujerar da fura za ta zauna.

Ka canza kuɗinka su zama ƙanana. Nan da dala ake lissafi, dala ɗaya tamma 5, dala ashirin tamma 100, jika ɗaya 1,000. Kada ka sha furar dala ashirin ka zaro takardar jika goma. Za ka tayar da rabin kasuwa neman canji, mai fura ta bar ƙwaryarta ta bi layin ƴan tireda, kai kuma kana zaune ana nuna ka da baki.

Da ka iso gaban ƙwarya, ka tsuguna ka gaisar. Wannan ba ya cikin abin da ake tsallakewa. "Sannu da rana, Inna. Ina gajiya? Yaya kasuwa?" Ka jira amsa, ka tambayi gida, ka tambayi yara, in Bafulatana ce ka tambayi shanu. Matar nan ta tashi tun kiran sallar farko. Ta surfa gero, ta wanke, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta sa yaji, ta cura, ta jefa cikin tafasasshen ruwa, ta kwashe da zafinsa ta mayar turmi ta kirɓa har ya yi danƙo, ta sake curawa ta bi da gari, sannan ta ɗora a kai ta yi tafiyar da kai a kabu-kabu ka yi ta kana ƙorafin hanya. Wanda ya zo a tsaye ya nuna ƙwarya da ɗan yatsa ya ce "nawa?" za a sayar masa, amma ludayin sama za a ba shi. In kuwa kai Babarbare ne, mai nonon kuma Bafulatana, ka ɗaura ɗamarar shan tsiya kafin ka sha nono, don wasan da ke tsakaninku ya girme ku duka, har UNESCO ta sa wannan wasan taubasantaka na Nijar cikin gadon duniya a 2014. Za ta ce maka bawanta ya zo gaisuwa. Ka rama, ka biya, a rabu ana dariya.

Yanzu aiki. Ido ne ke fara sha. Dubi ƙwaryar: wankakkiya ce, an shanya ta a rana, ko kuwa gefenta ya yi baƙi? Dubi faifan, dubi ludayin, dubi inda aka ajiye ruwan damu. A nan raha ta ɗan tsaya, domin cutar amai da gudawa da ta ratsa jihohin Tawa da Maraɗi a 2021 ba ta bar abin dariya ba. Ka tambayi ruwan ko na famfo ne ko na rijiya, in ranka bai kwanta ba ka sayi na leda ka miƙa a dama maka da shi. Mai fura ta gari ba ta jin haushin wannan tambaya, takan ma karkato maka tulun ka leƙa da kanka.

Sannan ka nemi a ba ka ɗan gutsuren dawo kafin a dama. Ka murza shi tsakanin yatsu biyu. In ya yi laushi yana ɗan kama hannu, turmi ya ga aiki. In ya wargaje kamar ƙasar bango, an yi masa ha'inci wajen kirɓi, ko ya kwana. Kai shi hanci. Citta ce ke fara gaishe ka, kanumfari na biye, masoro da kimba sai ka natsu kafin ka ji su, barkono kuwa ba ya magana sai ya sauka maƙogwaro. Jamusawa suna alfahari da dokarsu ta 1516 wadda ta ce kada a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci. Tamu dokar ba a rubuce take ba, a hannun iyaye mata take: gero, yaji, nono, ruwa. Amma cikin waɗannan huɗu akwai faɗin da mutum zai shekara yana yawo. Akwai mai dakan gero irin zango, akwai mai irin HKP da masu binciken noma na INRAN suka yaɗa, akwai mai haɗawa da ɗan dawa in hatsi ya yi tsada, kuma in ka gane wannan ka riƙe a cikinka, don ita ma ba da son ranta ba ne.

Nono shi ne inda masu ɗanɗano ke rabuwa, gwani ya wuce, ɗan koyo ya tsaya. Kindirmo mai kauri ne, da mansa a jiki, in an ɗebo shi da ludayi yana zuba a hankali kamar ba ya son rabuwa da ƙwarya. Tsala an kaɗe ta an cire man, ta fi ruwa, ta fi tsami, kuma akwai ranar zafin da ta fi kindirmo daɗi, kada wani ɗan birni ya ruɗe ka. Akwai na saniya, akwai na akuya mai ɗan ƙarni wanda masu sonsa ba sa haɗa shi da komai. Akwai wanda aka ƙara wa garin kuka don ya yi jiki, za ka ji wani tsami na daban a gefen harshe da ɗan gari-gari a dasashi. Akwai kuma na madarar gari, fari fat, santsi sumul, ba ya tuna maka da ciyawa ko garke. In ka kurɓi na jajayen shanun Azawak da aka tatsa jiya aka kwantar, ba sai an gaya maka ba. Ruwa ba ya tsami banza, nono ma haka: kowane tsami da dalilinsa, kuma aikin mai ɗanɗano shi ne ya gano dalilin.

Wata rana a kasuwar wani ƙauye kusa da Karofan na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Tsohuwa ce, zanenta ya koɗe, ƙwaryarta tana da ɗinki biyu a gefe. Ta ɗauki dawo ɗaya ta sa a tsakiya, ta zuba nono kaɗan, ta fara murza shi da bayan ludayi a jikin ƙwarya, tana juya ƙwaryar da hannun hagu. Ba ta ƙara nono ba sai da na farko ya shige. Sau huɗu tana haka. Wani saurayi da hular kwano a hannu yana tsaye yana kaɗa makullin babur. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ɗana, hurar ga ba ta son gaggawa. In kana sauri ga ruwa can." Ya zauna. Da ta gama ta bar ƴan gaya ƙanana suna yawo a ciki, da gangan, don haƙori ya sami abin yi. Ta goge bakin ƙwarya da ɗan yatsa, ta miƙa da hannu biyu. Saurayin nan ya yi ludayi uku bai ce uffan ba, sannan ya ajiye hular kwanon a ƙasa.

Wannan shi ne damu. Na'urar markaɗe da ake dama fura da ita a Yamai da Kano tana da amfaninta, tana sauri, tana kuma fitar da kumfa, amma ta kashe gaya, kuma furar da ba gaya kunu ce da ta yi ɓatan kai.

Ga ladabin ludayi. Da hannun dama ake riƙe shi, a yi bisimilla. Ka juya ƙwarya sau ɗaya tun daga ƙasa, don gari na kwanciya, wanda ya sha sama kawai ya sha ruwa ya bar furar. Kurɓin farko ka riƙe shi a baki ka ƙirga uku. Turawan can da ɗan littafi, wasunsu in abin inabi ne har tofarwa suke yi bayan sun ɗanɗana. Ka kuskura ka tofar da fura a kasuwar Buza, labarinka zai riga ka isa Tawa. Nan haɗiyewa ake yi. In ƙwaryar taro ce, ludayi ɗaya na zagayawa, ka yi naka ka miƙa wa na damanka, kada ka riƙe shi kana ba da labarin Abijan. Masu dawowa daga biɗa su aka fi kamawa da wannan laifi, ko da yake ana yi musu uzuri, don mutumin da ya shekara biyu yana tura baro a bakin teku yana mafarkin wannan ƙwarya ya cancanci ludayi biyu a jere.

Sukari fa? Nan ake faɗa. Ni ina cikin masu cewa ludayin farko ba a sa masa komai. Ka ji abin da matar ta yi tukuna. Wanda ya zazzage sukari kafin ya ɗanɗana kamar wanda ya shiga gidan mutane ne ya fara gyara musu shimfiɗa kafin ya yi sallama. Bayan nan in ranka na so ka sa, kuɗinka ne. Ƙanƙara kuma ta fi sukari ɓarna, tana daskarar da harshe ta rufe bakin yaji. Sanyin randa ya isa.

Dole ka tanadi kalmomin yabo, domin shiru bayan kurɓi yana tayar da hankalin mai fura. "Ta damu." "Ta ji yaji." "Wannan hannu ya san turmi." "Nonon nan na yau ne." Ka faɗi wanda yake gaskiya, don ta fi ka sanin abin da ta yi, in ka yabi yajin da ba ta sa ba ta gane kai ɗan daɗin baki ne. Abin da ba a faɗa ko da wasa shi ne "ta wancan layin ta fi." Mai wancan layin wataƙila kishiyarta ce, ko surukarta, ka kunna wutar da sai an kai gaban mai gari. Haka nan in ka koma masauki matar gida ta kawo maka tata, duk abin da ka sha a kasuwa ka mance da shi nan take. Furar gidan da ka sauka ita ce ta ɗaya, wannan hukunci ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Tsakanin ƙwarya da ƙwarya harshe na son a share shi. A Madawa wannan ba matsala ba ce, garin kilishi ne, duk motar da ta bi babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi sai ta tsaya an saya, kuma kilishin Nijar yanzu yana da rajistarsa a hukumar OAPI ta Yawunde, shi da albasar Galmi. Ka yagi ɗan kaɗan, wanda bai cika barkono ba, ka bi da ruwa. Albasar kuwa ka gaishe ta daga nesa. Fadamar Tarka cike take da ita, buhuna jibge a bakin hanya suna jiran manyan motocin Gana da Kodebuwa, ƙanshinta na kiran mutum. Ka ci ɗanya guda ɗaya, duk furar da ka sha har Keita albasa za ta zama.

Hanyar kanta ga yadda nake son ta. Ka fara da Madawa da kewayenta, Tunfafi inda ake hada-hadar dabbobi, Bangi, Sabon Gida, domin inda garke ke taruwa nan nono ke sauka. Sannan ka haura arewa zuwa Buza, ƙasar duwatsu, ka gangara kwarin Majiya inda layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska suka zama inuwar da ta fi kowace rumfa. A ƙarƙashinsu na fi son shan fura mai yaji, iska na kaɗawa, karan dawa na ƙara. Daga nan Keita. Duk wanda ya ga tuddan nan da aka yi wa kunya-kunya da jeren duwatsu ya tuna aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da FAO, ya kuma tuna cewa mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar dutsen a ka, maza sun tafi biɗa. Hannayen da suka jera duwatsun nan su da na ƴaƴansu ne ke kirɓa furar da za ka sha a Tamaske da Ibohaman da Garhanga. In ka tuna da haka ba za ka yi cinikin dala ɗaya ba.

A wannan yanki, da wajen Azarori da Galma inda Abzinawa ke zaune da daɗewa, ka nemi a dama maka irin tasu, wadda ake daka gero da cuku da dabino. Ita ce guzurin masu raƙuma, ba ta neman wuta, ruwa kawai take so. Ka bar ta a ƙarshe. Zaƙin dabino da maiƙon cuku in suka zauna a ciki, ba wata ƙwarya da za ta sami wuri. Na ga ƙato ya fara da ita da hantsi, aka neme shi aka rasa, sai la'asar aka tsince shi a gindin gawo da takalmi a matsayin matashi.

Sauran abubuwan sha ba a raina su ba: zoɓo ja wur, lemun tsamiya, na citta mai sa atishawa, kunun aya da ake kawo ayarsa daga jihar Maraɗi, farau-farau na manoma, da solani na leda ga mai sauri. Ka ɗanɗana su a tsakani, kurɓi-kurɓi. Shayin ƴan fada kuwa, kofi uku a jere bisa ɗan murhun waya, shi ne maganin nauyin ido in tafiya ba ta ƙare ba, sai dai ka sani wanda ya karɓi na fari ya ɗauki alkawarin jiran na uku.

Saura mutum ɗaya da zan ja wa kunne, kowace kasuwa tana da irinsa. Shi ne mai bin ƙore yana cewa "a ɗan ba ni in ji," ya yi ludayi a nan, ludayi a can, ya ɓata fuska kamar mai tunani, ya ce zai dawo. Kafin azahar ya ƙoshi bai fitar da ko dala ba. Masu fura sun san shi, suna da sunan da suke kiransa in ya juya baya. Ɗanɗano haƙƙin mai saye ne, kuma ribar matar nan duka ba ta wuce ƴan ludayan da ya kwashe ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 ta zama shekarar gero, a Yamai an yi bikin FESTIMIL an yi jawabai a kansa, duk da kyau, amma tamma 100 da ka sa a tafin wannan mata ta fi saurin isa turmi. In cikinka ba zai ɗauki ƙwarya guda a kowane wuri ba, ku tafi ku uku ko huɗu, ku sayi ɗaya ku zagaya da ludayi, ku yi gardama a hanya. In kai kaɗai ne, ka saya, ka sha abin da za ka iya, ka miƙa sauran ga almajirin da tun ɗazu yake tsaye da ƙoƙonsa yana kallon sama kamar ba kai yake jira ba.

Kafin ka hau motar Tawa, ka koma wurin wadda tata ta fi kwanta maka, ka sayi dawo biyar ko shida a ƙulle maka. Ka sa a barbaɗa gari sosai kada su manne, ka ɗora su a saman kaya inda ba wanda zai zauna a kai. Nono kuwa kada ka ɗauka a leda, hanyar tana da gargada, kuma maƙwabcinka na kujera da farar riga ya fito.